Saura Inci Uku

Shekara talatin da ɗaya Kafinta yana zaune da matarsa, bai taɓa ajiye tsani a gida ba. Me zai yi da shi? Matar ta fi shi tsawo da taƙi guda har da ɗoriya, shi ya sa tun tana amarya unguwa ta raɗa mata Doguwa, sunan ya bi ta har ya danne na asali. In ƙwan fitila ya mutu ita ke canzawa. In ana neman wani abu a saman kabad ita ke miƙa hannu, shi yana ƙasa yana ba da umarni. Ƙanwarta, wadda kowa ke kira Auta, takan ce Yaya ba miji ta samu ba, wurin ɗora gwiwar hannu ta samu. Shi kuma ya ce ai a hakan aka gan shi aka maƙale.

Ana nan sai ciwon daji ya kama Doguwa a maman dama. Aka yi mata aiki, aka cire maman gaba ɗaya, aka kwashe kaluluwar hammata tare da shi. Kwananta shida a asibiti. Ranar sallama wata nas ta ba su takarda mai zanen mace tana ɗaga hannu iri-iri, ta yi musu bayani a tsaye, tana yi tana duba agogo. Kada ta ɗauki kaya mai nauyi, amma kada ta bar hannun ya zauna. Da zarar an zare robar da ke janye ruwa daga ciwon, ta riƙa motsa shi kullum, kaɗan-kaɗan, tana ƙarawa. Kafinta ya ji duka. Kunnensa lafiya lau yake.

Kashegarin ranar da aka zare robar, Doguwa ta tsaya gaban bangon ɗaki kamar yadda zanen ya nuna, ta ɗora yatsu tana tafiya da su sama. Ba ta kai kafaɗa ba wani sauti ya fito mata daga maƙogwaro, wanda haihuwa huɗu ba ta sa Kafinta ya taɓa ji ba. Ya taso ya duba. Daga cikin hammata har gwiwar hannu ga wata jijiya ta miƙe ƙarƙashin fata, ta ɗame kamar igiyar shanya. Ya kama hannun da hannuwansa biyu ya sauke shi a hankali, ya ce an gama, ba za a sake ba.

Kada a ce rashin hankali ne. Mutumin nan ya shekara arba'in yana haɗa abin da ya rabu. In ƙafar kujera ta fita, gam yake shafawa, ya matse da ƙarfen matsi, ya tura ta lungu, ba mai taɓa ta sai ta kama. Ya sha ganin masu gaggawa sun ɗauki kujera tun gam bai bushe ba, su haye, bayan kwana biyu su dawo suna ce masa aikinsa ba ƙarko. To ga nama an yanka an ɗinke, ko sati biyu bai yi ba, a ce a riƙa ja? Ya yanke a ransa cewa takardar ta masu ƙaramin aiki ce, nas ɗin ta ba su ne don kowa ake ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a ƙasan akwatin kayan aikinsa.

Daga nan ya shiga abin da ya iya. Ya yanko ɗamarar da ake sa wa kujerun kushin, ya naɗe ta da auduga, ya yi mata maratayin hannu wanda ba ya cin wuya. Ya sauke kantocin kicin guda uku zuwa daidai ƙugu. Ya sauke igiyar shanya, ya sauke madubi, ya cire ƙusoshin rataye kaya ya mayar da su ƙasa, ya toshe tsofaffin ramukan da garin katako da gam don kada bango ya yi muni. Sakatar ƙofa ta sama ma bai bari ba. Sati biyu shagonsa rabin yini yake buɗewa. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa dubiya suna fita da labari, har mazan layin suka fara ce masa ya rage, ya ja musu magana a gida. Auta ta zagaya ɗakunan ta dawo ta ce to madalla, yau dai gida ya dawo daidai maigidan.

Doguwa ma ta ji daɗin abin, ba za a ɓoye ba. In hannun na kwance a maratayi ciwon kan lafa. Kuma mace ce da ta saba ita ke yi wa kowa, ba ta taɓa ganin gata irin wannan ba. Wani lokaci takan ce ko dai a ɗan gwada abin takardar nan, shi ya ce a bari ya kama tukuna. Sai ta bari.

Sati biyar da yin aikin suka koma asibiti. Saura mataki na gaba, wato gashi da inji. Wani haske ne ake saitawa a kan ƙirji da hammata don ya ƙone duk abin da wuƙa ba ta gani ba. Kafin a fara sai an yi awo, an sa alamomi a fata. Aka shigar da su wani ɗaki mai sanyi, ga gado siriri mai tauri, a can saman kai ga wasu mariƙai biyu. Ma'aikacin wurin ya ce Mama ta kwanta ta kai hannu bisa kai ta kama, haka za ta riƙa kwanciya kullum, wajen kwata na awa, ba motsi. Doguwa ta kwanta. Hannun hagu ya tafi abinsa. Na dama ya taso ya kai daidai kafaɗa ya tsaya cik, kamar an buga masa ƙusa. Ma'aikacin ya ɗan taimaka, ta cije leɓe, hawaye ya gangaro mata cikin kunne. Ya saki, ya tafi kiran likita.

Likitan wani ramamme ne mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya tambaya ko tana motsa hannun kamar yadda aka ce. Kafinta ya riga ta amsawa, har da ɗan gyara tsayuwa, ya ce ranka ya daɗe tun da aka dawo gida bai bar hannun nan ya ɗaga ko sau ɗaya ba. Likita ya cire tabarau ya murza ido, ya daɗe bai mayar ba.

"Baba, ku zauna in gaya muku yadda abin yake," in ji shi. "In hannun bai hau ba, hasken ba shi da hanyar shiga hammata, kuma a hammatar muka samu ciwon ya fara yaɗuwa. Injin nan guda ɗaya ne, mutanen da ke jiransa sun fi ɗari. Zan iya riƙe mata gurbinta sati uku. Ranar Litinin ta uku in ta kama mariƙin nan, mu fara. In ba ta kama ba sai ta koma bayan layi, wata huɗu ko fiye. Irin nata ba na son ya jira wata huɗu."

Ya mayar da tabarau, ya rufe fayil ɗinta.

Aka tura su wurin malamar motsa gaɓɓai, wata gajera mai jiki, mai yawan dariya, wadda ke kiran kowa Mama da Baba. Ta taɓa kafaɗar, ta bi jijiyar nan da babban yatsa, ta ji labarin maratayi da kantoci har ƙarshe ba ta katse shi ba. Da ta ji sana'arsa sai ta tambaye shi, in aka rufe ƙofa damina guda ba a buɗe ba, yaya hinjinta ke zama. Kafinta ya san amsar tun ba a haife ta ba. Ya dubi ƙasa.

Ta ce ba a makara ba, amma sai an dage. Ta nuna musu hawan bango da yatsu, da ɗaga sanda da hannu biyu a kwance, da yadda ake ɗora tawul mai ɗumi kafin a fara, da yadda ake murza jijiyar a hankali har ta saki. Ta nuna musu wata igiya da ke bi ta kan 'yar taya a sama, hannu mai lafiya yana ja, mara lafiya yana hawa. Ta ce doka ɗaya ce, kuma ta maimaita ta tana kallon Kafinta. Mama ce za ta ja da kanta, ba mai ja mata. Inda ta ji ya ɗame, nan za ta tsaya ta yi numfashi. Inda ta ji zafi mai suka, an yi yawa, a sauko.

Kafinta ya ce shi bai iya aiki da kaɗan-kaɗan ba, a ba shi awo. Malamar ta yi dariya, ta tsayar da Doguwa gaban bango, ta ɗaga hannun hagun zuwa inda injin ke buƙata, ta ce in na dama ya kawo nan an gama. Ya zaro tef daga aljihu ya auna daga ƙasa zuwa kan yatsa. Inci tamanin da biyu. Bai rubuta ba, don shi bai taɓa rubuta awo ba, a ka yake riƙewa.

Da suka isa gida ya auna bangon ɗaki, ya zaro fensir daga bayan kunne. A tamanin da biyu hannunsa bai tsaya ba, sai da ya kai tamanin da biyar ya ja layi. Haka yake yanka katako tun yana yaron shago, kullum da rara, don wanda ya yi tsawo ana iya ragewa, wanda ya gaza kuwa an yi asararsa. Bai ga abin faɗa a ciki ba, bai faɗa wa kowa ba. Ya kafa katako a saman layin, ya ɗaura 'yar taya da ya ciro daga wata tsohuwar kujerar ofis, ya zura igiya, ya sassaƙa mariƙai biyu ya goge su sumul.

Sati ukun nan gidan ya canza. Doguwa ba ta yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya ba ta ce kai ka ja mini ba. Da ma ta faɗa. Maratayin dai ta cire da kanta ta ba Auta ta ce a fitar mata da shi daga gidan. In ya miƙo mata kofi sai ta ce ya ajiye, za ta ɗauka. In ya ce ta huta haka nan, sai ta yi kamar da bango yake magana. Sau uku a yini take tsayawa gaban layin nan, da safe, da rana, da yamma, goshi a jingine da bango, yatsu suna rarrafe sama kamar ƙwaro mai ciwon ƙafa. Shi yana zaune a kan 'yar kujera yana ƙirga mata goma, in ta sauko ya tashi ya ja ƙaramin layi inda ta kai.

Auta takan zo kullum ta yi girki da wanki. Ita kaɗai ke iya sa yayarta dariya. Takan tsaya gaban bangon ta ce kai, maigida, wa ya ja maka layin sama, ko kujera ka taka? Ya ce ta bari yayarta ta warke tukuna, zai nemo mata miji wanda ya fi shi gajarta. Amma in Doguwa ta shiga wanka, Autar kan sauke murya ta tambaye shi tsakani da Allah zai kai kuwa. Ya ce zai kai.

Kuma hannun ya yi ta hawa. Satin farko inci tara. Jijiyar hammata ta fara laushi, wata rana ma Doguwa ta ji ta saki da kanta, ɗas, ba zafi, hannun ya ƙara inci biyu a take. Sati na biyu tafiyar ta ragu, yau inci guda, gobe rabi, jibi babu. Ranar Talatar ƙarshe suka je wurin malamar, ta auna da wani abin awonta mai kama da buɗaɗɗen almakashi, ta tafa hannu ta ce saura ƙiris, Mama, a ci gaba a haka, sai mun haɗu Litinin. Laraba yatsun Doguwa suka taɓa tamanin da biyu. Alhamis suna nan. Juma'a suna nan. Tsakanin ƙaramin layi da babba ga fili fari, inci uku, ya ƙi cikewa.

Kafinta ya so ya yi magana tun Laraba. Ya riƙa cewa a ransa bari dai, ko ta ƙara, rarar ba ta ɓaci. Bai lura da yadda take kallon filin nan ba sai ranar Asabar da rana, bayan Auta ta fita sayo magani. Doguwa ta yi hawa uku a jere ba hutu, ta sauko jikinta na rawa, rigarta ta jiƙe a baya. Ta juyo ta miƙa masa ɗaya mariƙin igiyar, ta ce ya zo ya ja mata.

Ya ce malama ta hana. Ta ce malama ba ita za ta koma bayan layi ba.

Sai ya faɗa mata. Ya ce layin nan na sama ba na asibiti ba ne, nasa ne. Awon malama tamanin da biyu ne, shi ya ƙara uku don rara, kuma ta kai tun ranar Laraba. Ya ce ta zauna ta huta, an gama.

Doguwa ta dube shi daga sama, yadda ta saba dubansa, amma ba da irin idon da ya sani ba.

"Tun Laraba," ta ce. "Shi ne sai yau ka tuna."

"Wallahi gaskiya nake gaya miki."

"Ina ka rubuta?"

"Kin san ba na rubuta awo."

"Na san ba ka iya ganin ina kuka. Wannan na sani. Ranar farko ma haka ka ce mini, an gama. Na yarda da kai na zauna wajen wata guda kamar 'yar tsana, kana sauke mini kantoci." Muryarta ba ta tashi ba. "Tausayinka ne ya kawo mu nan, Baban yara. Kada ka ƙara tausaya mini. Ka ja."

Ya ce su bari Litinin su tambayi malama. Ta ce Litinin a kan gadon za a tambaye ta, kuma ba a maimaitawa. Ya ce su jira Auta. Ta ce in ba zai ja ba, za ta ɗaura igiyar a ƙafar gado ta saki jikinta a kai, ya zaɓa. Ya san ta. Mace ce da ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a ransa, wanda ko ita bai gaya wa ba. Shi kansa ya daina yarda da kansa. Mutumin da ya tsaya gaban likita yana alfahari da ɓarnar da ya yi, wa ya ce tamanin da biyun ma daidai ya riƙe? In tamanin da huɗu ne fa? In ranar Litinin ta kwanta yatsunta suka gaza da faɗin farce, saboda ya sake cewa an gama?

Ya karɓi mariƙin. Ta ce yatsunta na zamewa, ya ɗaure mata hannun a jikin nata mariƙin. Ya ɗauko tsumma mai laushi ya ɗaure a wuyan hannu, ya zura yatsa ya ji bai matse ba. Ta fuskanci bango ta jingina goshi.

Ya ja a hankali. Hannun ya hau zuwa inda ya saba, ya tsaya. Ya ƙara kaɗan, ya hau inci guda. Numfashinta ya koma ta haƙori. Ya sassauta, ta ce kada ya kuskura. Ya ƙara. Yana kallon yatsunta, dogayen yatsun nan, suna karkarwa a jikin fenti, saura inci ɗaya da rabi, saura ɗaya. Ta ce ja. Ya sa nauyin kafaɗarsa kamar yadda yake yi wa katakon da ya kantare.

A igiyar ya ji shi, ba a kunne ba. Duk mai aikin katako ya san wannan, lokacin da abu ya tsage daga ciki tun ido bai gani ba, sai nauyin da ke hannunka ya canza. Yatsunta suna kan babban layi.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Ya kai?"

Ya ce, "Ya kai."

Sai ta sulale. Ya yar da igiyar ya tare ta, suka zube tare a gindin bango, yana kwance tsumman da haƙori. A haka Auta ta shigo ta same su. Ta dubi igiyar, ta dubi yayarta, ta dube shi. Ranar ba ta yi masa wasa ba. Ruwan sanyi ta ɗebo.

Kafin yamma kafaɗar ta kumbura ta yi zafi. Ranar Lahadi Doguwa ba ta iya kai cokali baki da hannun ba. Duk da haka ta ce kumburi ne kawai, kafin gobe zai saɓe, ai ta taɓa layin. Kafinta ya wuni yana canza mata tawul mai sanyi, yana cewa in Allah ya so.

Ranar Litinin suka isa tun ba a buɗe ɗakin ba. Da aka kira ta, ma'aikacin ya gaishe ta da fara'a ya ce yau dai Mama za a ba mu hannun nan. Ta kwanta. Hannun ya taso daga gefen gado kamar taƙi ɗaya, ya tsaya. Ta rufe ido ta sake. Bai kai inda ya kai sati uku da suka wuce ba. Ma'aikacin bai taɓa ta ba wannan karon, ya ce ta tashi a hankali.

A ofishin likita aka kira malamar motsa gaɓɓai. Ta shigo da dariyarta, ta ga kafaɗar, dariyar ta tsaya. Likita ya duba ya ce nama ne ya yage a ciki, sai an hutar da shi sati uku ko huɗu kafin ma a sake fara motsawa daga farko. Ya tambaya me ya faru.

Kafinta ya buɗe baki. Doguwa ta ɗora hannun hagu a kan gwiwarsa ta danna. Ta ce ita ce ta yi gaggawa, ta bari ba kowa a gida ta rataya jikinta a igiya. Ta ce maigidan ya sha hana ta, taurin kai ne irin nata.

Malamar tana riƙe da hannun dama a lokacin. Ta juya shi ta ga shatin ɗauri a wuyan hannu, ta ɗago ta dubi Kafinta, ta mayar da hannun kan cinyar mai shi a hankali.

Likita ya jawo babban littafin layi yana buɗe shafuka, yana wucewa, yana wucewa. Kafin ya samu gurbi Doguwa ta juya wurin malamar.

"'Yata, in tambaye ki. Bayan Talatar nan na ƙara inci guda. Da na bar shi a nan, da ya isa?"

Malamar ta dubi likita, likita bai ɗago ba.

"Da ya isa, Mama," ta ce.

Doguwa ta gyaɗa kai sau biyu, kamar an gaya mata farashin abin da ba za ta saya ba. Likita ya rubuta rana a kati ya miƙo, ya ce zai ƙara mata wasu ƙwayoyi ta riƙa sha kafin lokacin, kuma in wani ya fasa zai tuna da ita, amma kada su sa rai.

Suka fito suka zauna a kan bencin baranda, don ƙafafunta ba su ɗauke ta zuwa bakin titi ba. Mutane na wucewa da fayil a hannu. Wani na goge ƙasa, ya zo ya zagaye ƙafafunsu ya wuce. Kafinta yana jira ta zage shi. Da ta zage shi da ya samu inda zai sa kansa.

"Ka gaya mini gaskiya," ta ce, "ban yarda ba."

"Ni na ja."

"Ni na ce ka ja."

Ta miƙo masa katin ta ce ba ta zo da tabarau ba, ya duba mata. Ya karanta ranar, ya lissafa a yatsu, ya ce wata huɗu da kwana tara. Ta ce kada ya gaya wa yaran tukuna, babbar tana da tsohon ciki, a ce musu injin ne ake gyara. Ya ce to.

Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ni fa tsoro nake ji, Baban yara."

Tun ranar da aka fara gano ciwon, da ranar da aka tura ta ɗakin aiki, da ranar da ta fara ganin ƙirjinta a madubi, ba ta taɓa faɗin wannan ba. Hannuwansa suna kan cinya a buɗe, bai san inda zai taɓa ta ba wanda ba zai yi ciwo ba.

Ƙofar ɗakin sanyin ta buɗe, ma'aikacin ya leƙo da takarda ya kira mai bi mata a layi. Wata mata da ke can ƙarshen bencin ta miƙe da sauri, da alama ba ta zaci za a kai kanta yau ba. Ta ba wanda ya rako ta jakarta, ta kai hannu biyu bisa kai ta gyara ɗankwali, ta shiga. Doguwa ta bi ta da ido har ƙofar ta rufe.

"Allah ya ba ta lafiya," ta ce.

Kafinta ya motsa baki. Sai a karo na biyu amin ɗin ta fito.